Fasahar Fure-Dubu: Ginin Zane a Cikin Sandar Gilashi da Yaɗuwar Dabarar Zuwa Wasu Sana'o'i

1.0 Gabatarwa

A kasuwannin kayan tarihi na Afirka ta Yamma, kamar na Legas da Akara da Abijan, akan ga wasu duwatsun ado masu tsawon gaɓar yatsa, waɗanda jikinsu ke lulluɓe da ƙananan furanni da taurari masu launi iri-iri. Wanda ya gan su karon farko yakan ɗauka an bi su ne da alƙalami an zana furannin ɗaya bayan ɗaya. Alhali kuwa babu ɗigon fenti a jikinsu. Kowane fure gilashi ne tun daga fuskarsa har ƙasansa, kuma da za a kankare saman dutsen a kan magagari, furen nan dai shi zai sake bayyana. Fasahar da ta haifar da waɗannan duwatsu ita ake kira millefiori, kuma birnin Benis na ƙasar Italiya, musamman tsibirinsa na Murano, shi ya fi shahara da ita.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake gudanar da wannan aiki, da inda ya samo asali, da kuma yadda ya ratsa wasu sana'o'i. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, ginshiƙin fasahar dabara ce guda ɗaya tak, wato a gina zane sau ɗaya a cikin sanda ta yadda duk inda aka yanka sandar za a tarar da shi. Gilashi ne ya yi wa dabarar suna, amma ba ta dogara da shi ba, shi ya sa ake samun ta a wurin masassaƙa da magina da masu alewa.

2.0 Suna da Keɓaɓɓun Kalmomi

Kalmar millefiori harɗaɗɗiya ce daga kalmomin Italiyanci biyu: mille, wato dubu, da fiori, wato furanni. Fasahar ta girme wa sunan nesa ba kusa ba, domin sai a tsakiyar ƙarni na 19 ya bazu, kuma ana danganta shigarsa Ingilishi da littafin Apsley Pellatt mai suna Curiosities of Glass Making na shekarar 1849. Su kuwa masu sana'ar a Murano, canna suke kiran sandar, abin da aka yanko daga jikinta kuma murrina, jam'insa murrine.

A wannan maƙala an zaɓi fure-dubu a madadin millefiori, bisa tsarin Hausa na barin suna a tilo idan adadi ya biyo bayansa, kamar yadda ake cewa fuska biyu. An yi amfani da sanda a madadin canna, sannan gunduwa a madadin murrina. Dalilin zaɓen gunduwa shi ne, Hausa ta bambanta tsagawa, wadda ke bin tsawon abu, da yin gunduwa-gunduwa, wanda ke datsa abu a gicciye kamar yadda ake yi wa rake ko kifi. Wannan bambanci shi ne ruhin sana'ar, domin sandar da aka tsaga ratsi kawai za ta nuna, furen sai an datsa. Ya kamata kuma a lura cewa Bahaushe yakan ce dutse ga abin wuya ko da na gilashi ne, don haka dutsen ado a nan ba ya nufin abin da aka fasa daga fa. Shi kansa birnin Benis, Larabawa Bunduƙiyya suke kiransa, lafazi ɗaya da kalmar da Hausa ta aro ta mayar bindiga.

3.0 Ginin Sanda

Ana haɗa gilashin Murano ne daga yashi mai tsabta da sinadarin soda, ɗan'uwan kanwa, da farar ƙasa, a narkar da su a tanderu. Launi kuwa daga ma'adinai yake fitowa: kobal yana ba da shuɗi mai duhu, jan ƙarfe yana ba da kore ko ja gwargwadon yadda aka sarrafa wuta, zinariya tana ba da wani irin ja mai garai-garai, kuza kuma tana cikin abubuwan da ke ba da fari wanda haske ba ya ratsawa. Kowane launi yana da tukunyarsa a cikin tanderu, kuma ana sarrafa gilashin ne yana da zafin da ya kai kimanin digiri 1,000 a ma'aunin santigireti, lokacin da kaurinsa ya yi kama da na zuma mai daskarewa.

Babban ma'aikaci yakan tsoma kan sandar ƙarfe a tukunyar farko ya ɗebo curin gilashi, a ce ja, ya mirgina shi a kan allon ƙarfe har ya mulmulu ya yi siffar turmi. Sai ya tsoma shi a tukunya ta biyu, a ce ta fari, farin ya lulluɓe jan. Daga nan sai ya danna curin cikin wani mazubi na ƙarfe mai buɗaɗɗen baki, wanda aka yi wa haƙora a bangonsa na ciki. Idan ya zaro shi, jikin curin ya yi kwari da tudu daga sama har ƙasa, wato da za a datsa shi a lokacin da an ga tauraro. Sai ya sake tsoma shi a wani launi, a ce shuɗi, wanda zai cike kwarurrukan ya mayar da curin mulmulalle kamar da, tauraron kuma ya ɓuya a ciki. Ana iya maimaita wannan sau huɗu ko biyar ko fiye, kowane karo da mazubi dabam. A ƙarshe abin da ido ke gani curi ne mai launi ɗaya, duk adon yana ciki, babu mai ganinsa, har shi mai aikin. Wannan ne ya sa ƙwarewa a sana'ar ta ta'allaƙa da iya riƙe siffar a zuci.

Mataki na gaba shi ne ja. Mataimaki yakan manna wata sandar ƙarfe a ɗaya ƙarshen curin, su biyun su juya wa juna baya, kowa ya kama tafiya, curin yana miƙewa yana sirancewa a tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai alewa yana jan alewa mai ratsin ja, ya san cewa ratsin ba ya ɓacewa komai tsawon da aka ja, sirancewa kawai yake yi tare da farin. Haka abin yake a cikin gilashi. Kowane launi yana raguwa daidai da ɗan'uwansa, don haka tauraron da ya kai faɗin tafin hannu yakan koma kamar ƙwayar wake ba tare da ya rasa ko tsini ɗaya ba.

A nan ne ribar dabarar take, kuma lissafi mai sauƙi zai nuna ta. Tun da yawan gilashin bai ƙaru ba bai ragu ba, idan aka rage kaurin curi sau 10, tsawonsa zai ninka sau 100. Curin da ke da kaurin santimita 10 da tsawon santimita 20, idan aka ja shi har kaurinsa ya koma santimita 1, zai ba da sanda mai tsawon mita 20. In aka datsa wannan sanda gunduwa-gunduwa, kowace da kaurin milimita 4, za a sami gunduwa 5,000, dukkansu ɗauke da fure iri ɗaya. Aikin da aka sha wahalarsa sau ɗaya ya haifi dubbai. Ta wannan fuska fure-dubu ya fi kusa da ɗab'i fiye da zanen hannu.

Akwai hanya ta biyu wadda ta fi wannan ɗaukar lokaci. Akan tattaro sanduna da suka riga suka huce, sirara da masu kauri, a jera su a dami bisa tsarin da ake so, a ɗaure da waya, a gasa har su manne, sannan a sake ja. Da haka ake samun fure a cikin fure, ko haruffa, ko siffar dabba. Giacomo Franchini na Benis ya kai wannan hanya maƙura a tsakiyar ƙarni na 19, inda ya gina fuskokin manyan mutanen Italiya na zamaninsa, irin su Garibaldi da Cavour, a cikin sanduna. Yakan gina ido dabam, hanci dabam, baki dabam, ya haɗa, ya ja, har fuskar ta koma 'yan milimitoci.

Abu biyu ke iya ɓata wannan aiki. Na farko, kowane irin gilashi yana da gwargwadon yadda yake buɗewa da zafi ya kuma tsuke da sanyi. Idan aka haɗa launuka biyu da ba su daidaita ta wannan fuska ba, ɗaya zai riga ɗaya tsukewa, abin ya tsage, wani lokaci bayan kwanaki. Na biyu, kayan da aka gama dole a huce su sannu a hankali a wani tanderu mai raguwar zafi, in ba haka ba su fashe. Don haka sirrin gidajen sana'ar ya fi yawa a wajen haɗin launi fiye da wajen zane, wanda kowa ke iya gani ya kwaikwaya.

3.1 Sarrafa Gunduwoyi

Gunduwa ba kaya ba ce a karan kanta, tubali ce. In akushi ake so, sai a jera gunduwoyi a kan faranti kafaɗa da kafaɗa, a gasa su manne su zama faifai, a ɗora faifan a kan mazubi mai siffar ƙwarya, zafi ya sa ya lanƙwashe ya bi siffar, sannan a goge. In tulu ne, sai a mirgina curi mai zafi a kansu ya kwashe su, a hura. Akwai kuma madannin takarda, wanda ake jera gunduwoyin a lulluɓe su da dunƙulen gilashi garai-garai mai ƙara musu girma a ido.

Dutsen ado kuwa a gaban fitila mai zuga-zugi ake yinsa, kuma a Benis galibi aikin mata ne, waɗanda ake kira perlere. Mai aikin takan naɗa narkakken gilashi mai launi ɗaya a jikin siririn ƙarfe da aka shafa wa yumɓu, ta ɗauki gunduwoyi da hantsaki ta liƙa su a jikinsa yana da zafi, ta matse da wani awartaki mai mazubi a bakinsa. Idan aka zare ƙarfen, gurbinsa ya zama hudar zare. Daga baya an koma amfani da siririn bututun jan ƙarfe wanda ake narkarwa da ruwan asid. Dutsen da ake kira rosetta ya bambanta da wannan, domin shi sandar tun farko da huda ake jan ta, sai a datsa, a wasa bakunan biyu har tauraron mai tsini 12 ya fito. Ana danganta ƙirƙirarsa ga Marietta Barovier a ƙarshen ƙarni na 15.

4.0 Taƙaitaccen Tarihi

Mutanen Benis gadon fasahar suka yi. An tono gutsattsarin kwanukan gilashi da aka haɗa daga gunduwoyi a ƙasar Iraƙi ta yau, waɗanda suka kai kimanin shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Ta bunƙasa a Iskandariyya da daular Rumawa daga ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya zuwa na ɗaya bayanta. A kabarin Sutton Hoo na Ingila, wanda aka tono a 1939, an sami gunduwoyin fure-dubu an dasa su cikin kayan zinariya na ƙarni na 7, wato tun a lokacin maƙeran farfaru sun shigar da su cikin sana'arsu. A duniyar Musulmi kuma, an sami tayil na fure-dubu a kufan fadar halifofin Abbasiyawa a Samarra, birnin da Halifa Mu'utasim ya kafa a shekarar 836.

A 1291 hukumar Benis ta umarci a mayar da tanderun gilashi tsibirin Murano, saboda tsoron gobara da kuma tsare sirrin sana'a. An yi fure-dubu a can a ƙarshen ƙarni na 15, sannan ya ja baya, sai a ƙarni na 19 ya farfaɗo. Pietro Bigaglia ya nuna madannan takarda a bajekolin Biyana na 1845, kamfanonin Faransa na Baccarat da Saint-Louis da Clichy suka ɗauka suka gwanance a cikin shekaru 15 da suka biyo baya. Vincenzo Moretti kuma ya sake gano yadda Rumawa ke yin kwanukansu, aka nuna aikinsa a Faris a 1878. A 2020 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar duwatsun gilashi ta Italiya da Faransa cikin jerin al'adun gado na duniya.

5.0 Dabarar a Wasu Sana'o'i

Wajibi ne a bambanta waɗanda suka ari dabarar daga masu gilashi da waɗanda suka iske ta ta hanyarsu. Rubuce-rubuce da yawa sukan cakuɗa su, su mayar da duk abin da aka datsa ya nuna fure jikan Murano, wanda kuwa ba daidai ba ne.

Aro na zahiri shi ne na masu yumɓun roba. Wannan wani kwaɓi ne na roba mai laushi kamar ƙullun fulawa, wanda ya fara fitowa a Jamus, aka sa shi kasuwa da sunan Fimo a shekarun 1960, kuma yana ƙanƙara a tanderun girki da zafin da bai wuce digiri 110 zuwa 130 ba. A shekarun 1980 masu sana'ar hannu a Amurka suka fara gina sanduna da shi suna kwaikwayon Benis, har sunan millefiori suka ɗauka, littafin Nan Roche mai suna The New Clay na 1991 kuma ya yaɗa aikin. A nan babu wuta a lokacin gini, don haka mai aiki yana ganin zanensa a bakin sandar tun daga farko har ƙarshe. Maimakon ja, matsawa ake yi da yatsu daga tsakiya zuwa baki, a yanka da reza. Abin da aka samu na sauƙi an biya shi da wani abu, domin roba ba ta da zurfin hasken gilashi, kuma sanda mai laushi takan lotse a ƙarƙashin reza, furen ya karkace.

Masassaƙan Farisa kuwa ba su jira kowa ba. A sana'ar khatam ta Isfahan da Shiraz, akan fere sirarin tsinke masu kusurwa uku daga itace da ƙashin raƙumi da farin ƙarfe ko tagulla, a manne su a dami su ba da tauraro mai tsini 6, a yanka damin fale-fale a lulluɓe akwati ko ƙofa ko mumbari. Masassaƙan Hakone a Japan suna yin irin wannan da itatuwa masu launi dabam-dabam, haka ma na garin Tunbridge Wells a Ingila a ƙarni na 19. Sai dai itace ba ya jawuwa. Masassaƙi yana samun ribar maimaitawa amma ba ya samun ribar ragewa, don haka dole ya fere kowane tsinke daidai ƙanƙantar da yake so a gani. Wannan ya sa aikin khatam mai kyau ya fi fure-dubu cin rai. Magina a Japan ma suna jera yumɓu mai launuka su datsa su gina kwano, aikin da suke kira nerikomi.

Masu alewa su ne suka fi kowa kusa da masu gilashi, domin dafaffen sukari yana jawuwa da zafi ya ƙanƙare da sanyi kamar gilashi. A garuruwan bakin teku na Ingila, irin su Blackpool, ana gina haruffan sunan gari a cikin ƙaton curin alewa a ja shi, duk inda yaro ya gatsa ya karanta sunan. A Tokyo kuma akwai alewar Kintaro, mai ɗauke da fuskar wani yaron tatsuniya a kowace gunduwa.

6.0 Fure-Dubu a Afirka ta Yamma

Yankin nan ya san gilashi tun kafin jiragen Turawa. Tonon da Thurstan Shaw ya yi a Igbo-Ukwu a 1959 zuwa 1960 da kuma 1964 ya fito da duwatsun ado sama da 165,000, binciken Abidemi Babalola a Igbo Olokun na Ile-Ife kuma ya tabbatar da cewa an narka gilashi an ja bututunsa a can tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Duwatsun Benis sun tarar da kasuwa ce mai idon sanin kaya.

Mafi yawan duwatsun fure-dubu da ake gani a yankin an yi su ne daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa rabin farko na ƙarni na 20, kamfanonin ciniki na Turawa suka shigo da su ta gaɓar teku. Saboda haka sunan duwatsun bayi da wasu dillalai ke laƙaba musu bai dace da su ba. Gaskiya ne an sayi mutane da duwatsun gilashi a zamanin cinikin bayi ta tekun Atalantika, amma wasu iri ne da suka gabaci waɗannan. Daga ƙarshen shekarun 1960 kuma sai kayan suka juya akala: fatake, da yawansu Hausawa, suka riƙa bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin duwatsun daga hannun mata, suna shirya su a zaren kaba suna sayar wa Turawa da Amurkawa. Christopher Steiner ya bayyana wannan ciniki na Hausawan Abijan a littafinsa African Art in Transit na 1994.

Abin lura shi ne yadda masu sana'ar yankin suka karɓi fure-dubu. Sun ɗauki kamanninsa sun bar sandarsa. Matan Kiffa a Moritaniya sukan daka gilashi ya zama gari, su kwaɓa da ƙaro ko yawu, su ɗora launuka da bakin allura ɗigo-ɗigo, su gasa a kan garwashi. Zanen kan fito kamar na fure-dubu, amma kowane dutse aikin kansa ne, ba shi da tagwai. Mutanen Krobo na Gana suna zuba garin kwalba a mazubin yumɓu, su soka karan ganyen rogo a tsakiya wanda wuta za ta cinye ta bar huda, sannan su zana wa wasu ado irin na Benis a sama su sake gasawa. Ana baje waɗannan tare da na Benis na asali a kasuwar duwatsu ta Koforidua ranar Alhamis.

A Nijeriya, Masaga na birnin Bida a ƙasar Nufe su ne magadan aikin gilashi, kuma a tarihinsu na baka daga Misira kakanninsu suka taso. Leo Frobenius ya ziyarce su a 1911, S. F. Nadel kuma ya bayyana tsarin ƙungiyarsu a littafinsa A Black Byzantium na 1942. A da suna haɗa baƙin gilashinsu da ake kira bikini daga yashi da kanwa, daga baya suka koma narka kwalabe. Su ne masu yin ƙarau da ya shiga kasuwannin ƙasar Hausa, kuma Bida ta shiga jerin biranen fasaha na UNESCO a 2021. Masagan Bida naɗa gilashi yake yi a jikin sandar ƙarfe a bakin tanderun yumɓu, sa'an nan ya ɗauko siririn zaren wani launi ya zagaya shi ko ya ɗiga shi a kan dutsen tun yana da zafi. Adonsa a fata yake, kamar na Kiffa da Krobo. In aka sa dutsen Bida da na Benis a kan magagari ɗaya, ratsin na Bida zai gushe ya bar launin ciki, na Benis kuwa sai an cinye kaurin gunduwar kafin furen ya ɓace.